Ƙanwar Wanda Ya Ɗauki Bidiyon

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Umma. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Umma ta ɓoye mini, amma na ga bidiyon a wayar wata malamarmu. Kina tsaye bakin gadon mara lafiya, allura tana rawa a hannunki, numfashinki ya sarƙe, babban likita yana miki tsawa, 'yan ajinku suna dariya. An ce tun ranar kin kulle kanki a ɗaki, wai kin bar karatun likita. Yaya, bayan duk wahalar da kika sha?

Kin san ko a aji kunyar ɗaga hannu nake ji, amma wannan karon na bincika. Wanda ya ɗauki bidiyon ya watsa ɗan ajinku ne, yana da ƙanwa a makarantarmu, 'yar aji ɗaya, kuma ni ce shugabar ɗakin kwanansu. Yanzu ita ke wanke banɗaki kullum. In ta gama, sai in ce bai fita ba.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, da fatan barci ya fara samuwa. Na ji daɗi da kika fara zuwa wajen likitar da ke koya miki jan numfashi a hankali in fargabar ta taso.

Kin ce in ƙyale yarinyar, ba ta da laifi. Ke wane laifi kika yi? Ashe tana da in'ina. Na ba da sunanta, ita za ta karanta sanarwa ranar Litinin a gaban makaranta duka. Tunda ta ji ta daina cin abinci. Wanta zai ji labari, ya san yadda abin yake.

Abu ɗaya ne zai hana. Ki sa farar rigarki ki koma asibitin kafin Litinin. In kin koma, na sake ta. In kin zauna a ɗaki, za ta hau dandamalin.

Ƙanwarki da ba ta huce ba,
Auta

Yaya tawa,

Barka da ƙoƙari, ina fatan kin huta gajiya. Umma ta ce kin koma, hannun ya yi rawa, kika tsaya kika ja numfashi, kika sami jijiyar a karo na biyu. Na shiga banɗaki na yi kuka don kada yara su gani.

Na cika alkawari, ni na karanta sanarwar. Na tsallake layi guda, aka yi mini dariya, ban mutu ba. Yarinyar ta zo godiya, na kasa kallon idonta.

Shi kuwa wanta ban yafe masa ba, kada ma ki roƙe ni. Ki ci jarrabawar ƙarshe, ki tabbata sunanki yana saman nasa.

Ki gaida Umma.

Ƙanwarki,
Auta