Inda Icen Musbahu Ya Tafi

Hindawiyya, Jidda

Ƙanena Musbahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da matarka Rana kuna lafiya, sanyin Kanada bai cinye muku kunnuwa ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Rubutu na yi maka ban kira ba, don ka san gidanmu: ko tari na yi a kicin, Umma na ji daga ɗaki. Me kuka yi wa tsohuwar nan? Tun da ta dawo daga wurinku ba ta koma daidai ba. Matan unguwa sun cika gida suna son jin labarin ƙanƙara, ta ce musu "akwai sanyi," halas, shi ke nan. In ka kira waya sai ta ce alwala za ta yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, Umma ta daina turare. Kaskonta na ƙarƙashin gado. Matar da ko ranar da Abba ya rasu sai da ta turara gida!

In Rana ce ta ɓata mata, faɗa mini. In kai ne, ka san hannuna bai manta hanyar kunnenka ba.

Yayarka,
Saudatu

*

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da fatan alheri, ki gaishe mini da Umma ko da ba za ta amsa ba.

Wallahi ban san laifinmu ba. Rana kamar ta goya ta. Abu ɗaya ne ya faru a gabanta, kuma bai shafe ta ba.

Gidanmu a ƙauye yake, da ice ake ɗumama shi. A bayan gida akwai wata tukunyar ƙarfe kamar ƙaramin shago. Safe da yamma nake cusa mata ice, wuta ta zafafa ruwa, ruwan ya bi bututu ta ƙarƙashin ƙasa ya shigo ya ɗumama ɗakuna. In gida ya yi sanyi, da kanta take hura wutar ta ƙara ci. Maƙwabcina, wani dattijon Bature da Umma ta raɗa wa Baba Mai Tarakta, shi ya kawo icen ya jera mini a rumfa, ya ce zai kai ni ƙarshen sanyi har da saura. Na ba shi makullin rumfar, don da rana muna wurin aiki shi ke leƙowa ya ƙara wa wutar.

Yaya, sanyi bai kai rabi ba rumfa ta koma wayam. Duk wanda na tambaya sai ya ce gida irin nawa ba ya cin ice haka. To wa ke shiga rumfar in ba shi ba? Na tare shi a bakin shinge na ce ko dai ya rage mini awo tun farko, ko yana kwashewa. Ya kalli gidan, ya kalle ni, ya juya. Umma na tsaye a taga. Wataƙila tsawar da na yi ce ta ɓata mata rai, amma ba zan zauna a mayar da ni sakarai don ni baƙo ne ba.

Ina miki fatan alheri.

Ƙanenki,
Musbahu

*

Hindawiyya, Jidda

Musbahu,

Salamu alaikum. Zauna kafin ka karanta.

Na zaunar da Umma na ce ka ba ni labarin rumfa. Sai ta rufe fuska da mayafi, kamar yarinyar da aka kama a tukunyar miya.

Ka tuna safiyarta ta farko? Ta kunna turare, abin nan mai jin hayaƙi da kuka maƙala a silin ya kama ihu, Rana ta fito da gudu ta hau kujera tana yi masa fifita da tawul. Rana dariya ta yi, amma Umma ta ce ranar ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai dai ka san ta. Ta ce, "Gidan ɗana, ga sabuwar suruka, ya wuni ba ƙamshi?" Don haka kullum kuna fita sai ta buɗe tagogi duka har da ƙofar baya, ta lulluɓa da bargo biyu, ta bi ɗaki-ɗaki da kasko. Ba ta rufewa sai hayaƙi ya fice tas, wani lokacin har la'asar, don kada abin ya sake tona ta.

Na ce, "Umma, mu nan ana buɗe taga mukayyif na aiki yana sanyaya ɗaki?" Ta ce, "Ai shi mukayyif a cikin ɗaki yake. Wannan wutar a waje take, me ya haɗa ta da taga?" Sai ranar da ka yi wa dattijon tsawa, ta ga inda ya kalla, sannan ta gane. Kullum yana ɗaga mata hannu daga wurin tukunyar, ita ma ta ɗaga masa.

Ta ce, "An kira dattijo ɓarawo saboda ni, ina tsaye, bakina ya ƙi buɗewa." Shi ya sa ba ta iya jin muryarka, shi ya sa ta tsani kaskon.

Na fara dariya, na ƙare da kuka. Icenka ta taga ya fita, malam mai bincike. Yalla, maza tashi, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Yayarka,
Saudatu

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na je.

Na fara bayani sai ya ce ya sani. Tun makon farko yake ganin tagogi a buɗe, da tsohuwa tana zagaye da hayaƙi, leɓɓanta na motsi. Ya ɗauka ibada ce. Na ce me ya hana shi gaya mini? Ya ce shi ba ya kai ƙarar uwa wurin ɗanta. Matarsa ce ta ƙara da cewa da ya ga rumfar na raguwa, daga nasa icen yake ɗebowa yana cika tukunyar. Yaya, mutumin da na kira ɓarawo ke nan. Na rasa inda zan sa idona.

Ya ce ya yafe. Amma ya shiga ciki ya fito da makullin rumfar ya sa mini a hannu, kuma tun ranar bai sake taka bayan gidana ba. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Har na juya sai matar ta ce tun da Umma ta tafi ƙamshin nan ya daina tsallako musu shinge.

Ki ce wa Umma ba ita ta buɗe baki ba, ni ne.

Ƙanenki mai jin kunya,
Musbahu

*

Auta,

Salamu alaikum. Ni ce Ummanka, yayarka ke rubutawa.

Yau na fito da kasko. Na haɗa turare da hannuna, ga shi nan tafe. Ba naka ba ne. Ka kai wa dattijon da matarsa, ka ɗora makullin a kai. Ka ce su kunna a waje kada abin nan ya yi musu ihu.

In ya karɓi makullin, ka kira ni. Zan ɗauka.

Allah ya yi maka albarka.

Ummanka