Sun Yanke Sunan Baba

Yamai, 1966

Zuwa ga Yaya Sakinatu, a Tarka.

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Ina Dado da yara? Gero ya yi kai kuwa bana?

Ni lafiya lau. Ina gadi a wani otal. Tarin nan ya yi sauƙi, ba sai kin gaya wa Inna ba.

Yaya, ran Asabar da la'asar makaɗan zamani suka zo da gita da kakakin nasara. Sai na ji waƙar Baba, wadda ya yi shekarar yunwa, da muka binne ƙanwarmu Bintu a hanyar Tanut. Maza da mata suna ta rawa suna shewa, ni kuwa ina buɗe musu ƙofa.

Na tare shugabansu na ce, "Wa ya yi waƙar nan?" Wai ta gargajiya ce, a bakin wani makaho ya tsince ta a tasha. Na ce, "To ina baitin ƙarshe, inda mai waƙa ya faɗi sunansa ya roƙi Fatiha?" Ya yi dariya, wai a faifan garmaho za su ɗauke ta, faifai kuwa gajere ne, kuma wurin ba ya rawuwa. Har da miƙo mini sigari.

Kin san Baba bai taɓa karɓar ko tiyar gero a kan waƙa ba. Fatihar nan kaɗai ya roƙa.

Za su sa ta a rediyo. In Attahir mai kanti ya kunna tasa, ki janye Inna daga wurin.

Kuma don Allah ki sa a rubuto mini baitin. Na buɗe baki in karanta wa mutumin, sai na tarar ni ma ya ɓace mini.

Allah Ya jiƙan Baba.

Ƙaninki,
Barmo