Taken Marigayi

Daren Laraba, watan Rajab, Ƙofar Mazugal.

Malam Isa maƙwabcina ke rubuta mini, ni Hajo ban san baƙi ba.

Yau jikana Sule ya zo daga bariki. Baturen badujala na koya masa rubuta kiɗa a takarda, da yadda ake haɗa murya uku su zauna lafiya. Ya ce in rera masa taken da kakansa marigayi ke busawa da algaita, ya rubuta. Duk wanda ya san taken ya mutu, saura ni.

Na fara, ina kaiwa tsakiya ya ɓace mini. Na sake, nan dai na tsaya.

Ya ce, "Tsohuwa, bar wahala. Daga farkon kiɗa ake gane inda zai sauka."

Na ce, "Ja'iri, kakan naka Bature ya tambaya?"

Ya cike sauran da kansa, ya busa. Da daɗi kam. Amma wallahi ban sani ba ko shi ne.

Malam, rubuta: algaitar marigayi ta Sule ce, kada kawunsa ya hana shi. Amma in an tambayi Sule taken, ya faɗi gaskiya, farkon na kakansa ne, ƙarshen nasa.