Katakon Sama Ya Faɗo

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Ka yafe mini ƙarfin halin rubuto maka, ni da ko ido ba na iya haɗawa da kai.

A makaranta ana koya mana kafa hujja a lissafi. Malama ta ce idan layi biyu suka tsaya cak a kan layi ɗaya, kowanne da kusurwa digiri casa'in, to tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa, sama da ƙasa. Ba ta karɓar "na gani da idona", sai an kawo dalili.

Baffa, ka tuna lungun ɗakinmu, inda kafinta ya saka katakai biyu masu tsawo ɗaya tsakanin bango da bango, muke ajiye littattafai? Tun da ka ɗora mana bene, na sama ya fara sakwarkwacewa. Ranar Talata ya faɗo. Na ƙasa kuwa yana nan daram. Na gwada su, har yanzu tsawonsu ɗaya. Ke nan tazarar sama ta fi ta ƙasa. Ke nan bango ɗaya ba a tsaye yake ba. Na ɗaura makulli a zare na rataya, ina roƙon Allah a ce ni ce na yi kuskure. Amma zaren ya nuna bangon da ƙannena 'yan biyu ke kwana a gindinsa ne ya karkace.

Na gaya wa Umma, ta yi dariya, wai injiniya ta sauka a gidanmu ba a yi mata shimfiɗa ba. Baba kuwa ya ɗaure fuska, ya ce yayansa ya fara gini tun ba a haife ni ba, kada ya ƙara ji. Bai san na rubuto ba.

Ba raina aikinka na yi ba, wallahi. So nake ka zo ka nuna mini inda hujjata ta karye, in ji kunya in huta. Yashin da za ka gani cikin ambulan daga rufi yake zubowa.

Ina neman izininka in riƙa rubuto maka kowane mako, ko ba ka amsa ba. In dai wasiƙata tana isowa, to bangon bai faɗi ba tukuna.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Yayar 'yan biyu