Idon Baba a Maƙera

Wudil, Jihar Kano

Zuwa ga Yaya Garzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Halima da yara, da kuma zaman Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ina gida ina wankan jego, Inna tana ta ɗura mini kunun kanwa kamar da gayya.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto, domin a waya ba zan iya faɗa ba yana kusa. Daminar bana manoman Achika sun dawo masa da garemani, wasu sun tsage, wasu bakinsu ya lanƙwashe. Ka fi ni sanin aikin. In ƙarfe ya yi ja aka tsoma a ruwa, tauri yake yi har ya riƙa karyewa kamar tangaran, sai an goge an mayar kan wuta a hankali ana kallon launi. Ya yi ruwan kara a janye, ya wuce shuɗi ya yi laushi. To, Yaya, launin nan ne Baba ba ya gani yanzu. Yana ce ta hau masa ido, hannunsa kuwa ƙalau.

Ka san halinsa. Da farko cewa ya yi ƙarafan sifirin motocin zamani da yake ƙira da su ne ba su da kirki, daga baya ya ɗora wa gawayi laifin. Amma da Malam Gwadabe, abokinsa, ya kawo gatarinsa a ɓalle, bai yi musu ba, ya karɓa. Ranar ko tuwo bai ci ba. Wallahi na yi kuka.

Shekaranjiya ya aiko in same shi a maƙera, inda tun muna yara yake korar mata. Ya riƙe fartanya da awartaki a kan garwashi, ya ce in faɗa masa in ta yi ruwan kara. Na faɗa, ya janye, ta fito daidai. Bai dube ni ba, cewa kawai ya yi kada in gaya wa kowa.

Ga shi na gaya maka. Bayan arba'in zan koma ɗakina a Zariya, kuma ba zai roƙi wani ba. An ce aikin ido a Kano ba wuya, amma ya ƙi, maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka zo kafin in tafi.

Inna tana gaishe ka. Ka gaida Halima, ka shafa mini kan Khaulat da Mudassir.

Taka ƙanwa,
Rahinatu