Kwalbar da kuka bari a gidana

Zuwa ga Dakta, shugaban masu binciken ruwa da suka zo unguwarmu a Makarfi.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Allah Ya sa kuna lafiya. Ni ce Malama Rakiya, mai koyar da matan aure karatu, wadda kuka ɗebi ruwa a rijiyarta. Ban saba ɗaga murya ba, amma na aika saƙo ta hannun mai unguwa har na gaji, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Kun san bayan katangarmu masu rinin shadda suke, kuma ruwan galurarsu ta kwatarmu yake bi. A hankali ya sauka rijiya. Guga yakan fito da ruwa ja-ja, wata rana shuɗi-shuɗi. Ba na zarginsu, sana'arsu ce, matansu ma a wurina suke karatu. To amma abin da muka karanta shi ne, ruwan da launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa ya canza da irin wannan, ba a alwala da shi. Damina biyu ke nan ina jan gwiwoyina zuwa famfon bakin titi da buta.

Na biyu. Kun zo, kun ce mu tara muku ganyen darbejiya, muka tara. Kuka dawo da wani baƙin gari, kuka ce daga ruwan ganyen aka haɗa shi, ƙwayoyinsa ƙanana ne har ido ba ya ganin ɗaya, kuma launi yana manne musu. Kuka zuba shi a kwalbar ruwan rijiyarmu, kuka girgiza, kuka tace, ruwa ya fito garau. Mata suka yi kabbara. Aka ɗauki hoto. Na tambaye ku a hankali ko ana sha, ko ana alwala, kuka ce a jira sakamako. Haba Dakta, sakamakon nan a ƙafa yake tahowa?

Na uku, kuma nan da laifina, ba zan ɓoye ba. Da shiru ya yi yawa, mata suka ce ai ganye ne, ga turmi ga taɓarya. Ni da ya kamata in hana, na biye musu. Muka daka, muka juye a rijiya. Launi bai tafi ba, ga ɗaci, bayan kwana uku ga wari. A da launi ne kaɗai ya lalace, yanzu launi da ɗanɗano da wari, duk ukun. Da kun ce mana wannan ba aikin turmi ba ne, kalma ɗaya, da ba mu kai nan ba.

Yanzu duk wadda ta zo da tambayar tsarki, sai ta kalli rijiyar, ta kalle ni. Wannan ya fi ciwon gwiwa ci mini rai.

Roƙona: ku dawo ku gaya mana gaskiya da Hausa. In garin nan na ɗakin gwaji ne kawai, bai kai ga rijiya ba tukuna, ku faɗa, mu rufe ta mu huta. In yana da amfani, ku zauna da masu rini a tare ruwan tun daga kwata.

Kwalbarku tana kan kantata, ruwan garau har yau. Kullum sai na share mata ƙura, ban taɓa buɗe ta ba. Ku ce mini i, ko a'a: garin nan zai gyara rijiyarmu? Ko a'a ce, zan karɓa in gode.

Allah Ya ƙara muku ilimi mai amfani, Ya tuna muku da hanyar gidana.

Wassalam,
Malama Rakiya, Makarfi.