Me Zan Kira Takwaranka, Kawu?

Zuwa ga Kawuna Mumuni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa uba, ina roƙon Allah Ya sa sallamar nan ta iske ka cikin ni'ima a makwancinka. Na san ba a aika wa mamaci takarda. Amma ka san halina tun ina gidanka: magana ba ta zauna mini a kai sai na rubuta ta, na karanta, na soke, na sake. Wannan karon na sa ta a shafina, don mutanen Filinge na gida da na Yamai su ma su karanta, ko wani ya fi ni gani.

Labari na farko mai daɗi ne. Matata Rabi ta sauka lafiya cikin kakar nan, ana tsakiyar ɗaurin damman gero. Namiji ne. Ran suna liman ya raɗa masa Mumuni. Ka samu takwara, Kawu.

Labari na biyu shi ya hana ni sakat. Yaron ya samu suna, amma har yau ba shi da abin kira. Rabi ba za ta kama sunanka ba, kai surukinta ne. Ni ma bakina bai taɓa furta shi a gabanka ba, ba yanzu zan fara ba. Na so a riƙa ce masa Kawu, sai aka tuna mini akwai Kawu a gidan, ɗan yayana mai sunan ƙanenka, kira ɗaya biyu su amsa. Haka muka zauna muna "jinjiri", muna "yaron nan". Kai kuwa ka san laƙabi a ƙasarmu ta Kurfai ba ya jiran iyaye. In uba ya tsaya tunani, unguwa ta raɗa nata.

Ta ma fara. Ran sunan, abokinka Idi direba ya zo daga tasha. Da aka fito masa da jinjirin, ya ɗaga shi sama ya ce, "Wallahi Gurgu ya dawo! Ku diba hancin ga. Kai Gurgu ƙarami, tashi ka yi min faci, tayata ta kwanta!" Aka yi dariya. Na dubi Idi, sai na ga yana dariyar ne hawaye na bin gemunsa.

Rabi ta ji daga ɗaki. Da baƙi suka watse ta ce mini, "Ka hana su tun da wuri. Baki shi ka yanka wuya. Lahiya lau Allah Ya ba ni ɗana, kada su ja mai abin da ba shi da." Ga shi yaran unguwa sun fara leƙowa suna tambayar ina Gurgu ƙarami. In ban yanke magana ba, da wannan sunan zai fara karatu a lakkwal, da shi zai yi aure.

Abin da ya ba ni mamaki, maganganun nan biyu duk sun sosa mini rai, kowace ta gefenta. Ta Idi ta sa na ji wa yaron tsoro. Ta Rabi ta sa na ji maka ciwo, kamar a ce kai wata masifa ce da ake neman tsari da ita. Na zauna ina juya abin, ina so in gane: sunan nan da garin nan ya kira ka da shi har ka koma ga Allah, zagi ne ko so ne?

Na tuna ranar da aka kawo ni daga ƙauye don shiga kwalej. Babana ya sauke ni a tasha, ya tambayi wani mai shayi gidan Mumuni. Mai shayin ya ce bai san shi ba. Da Baba ya ce mai faci, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafafu, sai mutumin ya ce, "To ka ce Gurgu mana! Ga shi can." Kana zaune ƙarƙashin rumfarka, taya a cinya, kwanon ruwa a gabanka kana neman inda iska ke fita. Kekenka mai ƙafa uku na gefe, wanda ake tuƙawa da hannu, ka yi masa fenti kore, ka ɗaura masa akwati a baya.

Da yamma na ga yadda kake shiga gida. Tun daga bakin lungu kake kaɗa ƙararrawa. Matarka, Goggo Zali, tana jin ta sai ta ce mini, "Sani, buɗe ƙyaure, mai keke ya taho." A akwatin nan kake kawo mata cefane, a cikinsa kake kai gero inji, har ni ka taɓa ɗauka a kansa ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, ka kai ni likita kana tuƙi kana yi mini tsiya wai na fi buhun gero nauyi.

A tasha kowa Gurgu yake ce maka, kai kuma kana amsawa da ƙarfi. Idi zai ce, "Gurgu, ka yi sauri, fasinjan Baleyara na jira." Kai ka ce, "Ni da ba ni da ƙahwa na riga ka isowa aiki, kai mai ƙahwa biyu da taya huɗu mi ya tsai da kai?" Ban taɓa ganin fuskarka ta canza ba. Da wannan kaɗai na tuna, da na ce wa Rabi ta yi haƙuri, suna ne kamar kowane.

Amma akwai wata rana. Mun je wani ofis karɓar takardata ta jarrabawa. Ƙofar tana da matakala, sai ka bar keken a ƙasa, ka sa silifa a hannuwanka ka hau. Wani mutum mai babbar riga da ke layi ya laluba aljihu, ya ce da na kusa da shi, "Miƙa ma gurgun ga ya tahi." Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Alhaji, mai da abinka. Takardar ɗana na zaka amsa. Sunana Mumuni." Tsawon zamana a gidanka, ranar ce kaɗai na ji ka faɗi sunanka da bakinka.

Kalmar ɗaya ce, Kawu. Da safe Idi ya faɗe ta ka yi dariya, da hantsi wani ya faɗe ta ka ƙi amsawa. Na daɗe ina neman inda bambancin yake. Abin da na iya kamawa shi ne, in Idi ya faɗa, kai yake kira, mutumin da ya sani da faɗansa da barkwancinsa. Shi kuwa mai babbar riga ƙafafun ya gani, bai ɗaga ido ya kai fuska ba. Sai dai ban tabbata ba. Wataƙila kai ma ba son sunan kake ba, sabo ne kawai, kuma mai rumfa a tasha ba ya faɗa da masu kawo masa taya. Ban taɓa tambayar ka ba. Yaro ba ya yi wa kawunsa irin wannan tambayar, da na girma kuma sai na ɗauka na san amsa.

Shekarun baya wani furoje na ƙungiyar agaji ya tara mu, masu ɗan rubuce-rubuce da masu magana a rediyo, don bita kan yadda ake ambaton masu naƙasa da marasa lafiya. Wadda ta koyar da mu da sanda take tafiya. Ta ce a fara ambaton mutum kafin lalurarsa. Ta ce a daina "abin tausayi", a daina mai da ciwon wani zagi, irin "kai kurma ne?" ko "aikin makafi". Ta ce kuturta da farfaɗiya ciwo ne da ake magani, kada a laƙaba wa mutum su kamar sunan yanka. Na rubuta komai, layi bayan layi. Na dawo da zafina na ce maka yanzu ba a cewa gurgu, "mai buƙata ta musamman" ake cewa. Ka ajiye famfon da ke hannunka ka ce, "Wace buƙata? Tuwon da kake ci shi nike ci. In suna son sanin buƙatata, su hwasa matakalar ga su yi gangare." Idi ya kama kiran ka Alhaji Musamman har sati ya zagayo.

Duk da haka, da ka rasu bara, kalmar bitar na ɗauko. Na rubuta a shafin nan cewa Allah Ya yi wa Malam Mumuni rasuwa, mai buƙata ta musamman, wanda duk da lalurarsa ya riƙe iyalinsa. Shiru. Mutum biyu suka tambaya, wane Mumuni? Sai wani ya rubuta a ƙasa, "Gurgun tasha ne fa." Nan take ta'aziyya ta fara zuba, daga Damana, daga Bonkuku, daga Yamai, har da waɗanda ke ci-rani a bakin teku. Wani ya ce ka taɓa yi masa faci kyauta ran kasuwa. Wata ta ce kai ka koya wa ɗanta aiki.

Na yi ta kallon rubutun nan nawa. Na yi shi da ladabi iyakar sanina, amma ba ka cikinsa. Har "duk da lalurarsa" ɗin nan ta fara damuna. Duk da me? Kamar abin mamaki ne a ce ka ciyar da gidanka. Sai daga baya na tuna maganar da malamar nan ta rufe bitar da ita, wadda na rubuta a ƙarshen shafi ban ba ta muhimmanci ba: in kana shakka, tambayi mai abin, don abin da wani ya yarda a kira shi da shi, wani ba ya so.

To ga ni da shakka, Kawu, kuma masu abin biyu ne. Ɗaya yana kabari, ɗaya yana shan nono. Wa zan tambaya?

Ana cikin haka, shekaranjiya Goggo Zali ta iso daga Bonkuku, inda ta koma wurin ƴarku bayan ta fita takaba. Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa suna. Ta zauna a tabarma, Rabi ta miƙa mata jinjirin. Ta buɗe zanen, ta kama ƴan ƙafafunsa tana dubawa, shi kuma yana ta harbin iska. Sai ta ce, "A'a, Maikeke! Haka muka yi da kai? Ka tahi ka bar ni da keke cikin zaure, ka komo da ƙahwahu sababbi? To ni dai ban sake ka ba, mijina kake, tashi ka ba ni kuɗin cehwane."

Rabi ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Maikeke. Na ji sunan nan safe da yamma shekara da shekaru, amma da na zauna ina jera sunayenka a kaina, na sa Mumuni, na sa Gurgu, na sa na bita, ban sa shi ba. Na ɗauke shi kunyar mace ce kawai, wadda ba ta faɗin sunan miji. Ban lura ba cewa ita ma zaɓi ta yi. Gari duka na kiran ka da suna mai sauƙi, da ta bi su ba wanda zai ce ta yi laifi.

Na tambaye ta dalili. Ta dube ni kamar na tambayi abin da ya sa ake shan ruwa. Ta ce, "Ƙahwahun Allah Ya yi su yadda Ya so, ba ruwan kowa. Keken kuwa shi ya haɗa abinai da hannunai. Ran da ya zaka neman aurena, bisa shi ya zaka, ya wanke shi har shina walƙiya." Na ce, shi Kawu ya taɓa cewa wani abu a kan sunan? Ta ce, "Mi zai ce? In na kira, ƙararrawa yake kaɗa min."

Na juya sunan ta kowane gefe, kamar yadda ka san zan yi. Bai ɓoye komai ba, duk wanda ya san ka ya san wane keke ake nufi da abin da ya sa kake hawan sa. Kuma ba wanda zai iya jifan yaro da shi a filin lakkwal. Rabi ta karɓa, tun jiya nake jin ta tana "Maikeke, yi shiru." Na je tasha na gaya wa Idi. Ya ce, "Ni dai Gurguna guda ne, kuma ya tahi. Wanga ku kira shi abin da kuka so." Da zan tafi ya ƙwala mini kira, wai in gaida Maikeke, in ce masa tayar tana nan tana jira.

Ban ce na gama gane komai ba. Har yanzu ban san ko sunan tasha ya taɓa yi maka nauyi ba, kuma ba zan ƙara sani ba. In na sake rubutu a kan wani mai irin lalurarka, zan fara zuwa in gaishe shi, in ji sunan da yake so. Shi kuma takwaranka, in ya yi wayo, zan kai shi zauren gidanka in nuna masa keken. Zan gaya masa shan inna ya taɓa ka kana ƙarami, zan gaya masa abin da tasha ke kiran ka da yadda kake amsawa, da ranar da ka ƙi amsawa. Sannan in yi masa tambayar da ban yi maka ba.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka ƙetare siraɗi cikin sauƙi. Allah Ya ba Goggo lafiyar gwiwa. Allah Ya raya Maikeke, Ya ba shi hannunka da bakinka, Ya sa duk wanda zai kira shi ya dubi fuskarsa tukuna.

Na sa an gyara ƙararrawar. Tana kaɗawa.

Ɗanka,
Sani